Ranar da Aka Rufe Akawun ɗin Baffa Jauro

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya a bakin ƙofa, da kuka zo neman in koya muku wannan aiki. Cewa ya yi ai danna waya ne kawai, ko ƙanwarsa ta iya. Ban ji haushi ba, domin ni ma da na fara haka na ɗauka. Tun da kun dawo yau, ku zauna in gaya muku yadda aikin yake kafin kowa ya taɓa kwamfutata.

Aikina shi ne yi wa mutane odar kaya daga kantunan intanet. Mutum zai zo yana son abin da babu shi a kasuwar Potiskum, ko akwai shi amma da tsada. Wani bai yi boko ba, wani ba shi da katin banki, wani yana da komai amma yana tsoron a cuce shi. Ni ne zan nemo kayan, in buɗe masa akawun da sunansa, in yi oda, in bi sawun kayan daga Legas ko Kano har su iso garin nan, sannan in buɗe kwalin a gabansa. Idan abin ya zo daidai, kamfani ya kyauta. Idan ya zo a karye, ni za a tsare, domin ni ne mai fuska.

A hannun Malam Bukar na koya. Mutumin Borno ne, iyayensa suka zo da shi yana ƙarami, yana da ɗan shago kusa da tasha inda yake buga wa mutane takardu tun zamanin tafireta. Da kwamfuta ta zo ya koma kanta, da odar kaya ta zo ya ƙara da ita. Wata shida na yi a wurinsa bai bar ni na danna komai ba. Aikina shi ne in tsaya a bayansa in ji irin tambayoyin da yake yi wa mutane. Mace za ta nuna hoton injin markaɗe ta ce shi take so, sai ya tambaye ta wutar gidansu ta gwamnati ce ko sola, mutum nawa take dafa wa abinci, wake za ta riƙa markaɗawa ko tumatir. Kafin ya gama ta gane wannan na hoton ba zai kai mata wata guda ba. Yakan ce da ni hoto ba ya nuna girma, ba ya nuna nauyi, don haka kada in yarda da shi.

Shi ya sa kuke ganin tef ɗin tela rataye a bangon can. Ya fi kwamfutar amfani. Oda ta farko da na yi da hannuna takalmi ne na wani malamin firamare daga Danchuwa. Ya ce yana sa lamba arba'in da uku, na danna arba'in da uku. Mako biyu muna jira, da ya zo ko rabin ƙafarsa bai shiga ba. Malam Bukar bai yi mini faɗa ba. Ya sa malamin ya taka farar takarda, ya zagaye ƙafar da biro, ya auna da tef, ya nuna mini inda kamfanin ya rubuta tsawon kowace lamba a can ƙasan shafi, inda ba na leƙawa. Daga ranar ko hula za a saya sai na auna kai.

Sauran kayan aikin ba su da yawa. Akwai reza ta yanka kwali, kuma ba a yanka shi sai mai kaya yana tsaye. Akwai soket a gefen tebur don gwada duk abin da ke cin wuta kafin ya bar shago. Akwai layin waya biyu, domin sabis a garin nan yakan ɗauke ana tsakiyar biya, kuma wanda bai san ya jira ba sai ya biya sau biyu. Akwai haƙuri da direbobin tasha, waɗanda za su ce maka motar tana Azare alhali ba ta bar Kano ba.

Amma babbar dokar Malam Bukar a kan lambar sirri take. Kowa da akawun ɗinsa, da lambar wayarsa, da katinsa idan yana da shi. In an buɗe wa mutum, a rubuta masa lambar sirrin a takarda a ba shi ya tafi da ita, kada a bar kwafi a shago. Na taɓa ce masa mutanen nan ɓatar da takardar suke yi, kullum sai an sake wahala. Ya ce a sake wahalar. Ya ce akawun ɗakin mutum ne, don ya kira ka ka gyara masa ƙofa ba shi ne ya ba ka makulli ba.

Da idonsa ya yi rauni ya bar aiki, na buɗe nawa shagon a unguwar Hausari. Ban yi wata uku ba na sayi littafi mai baƙin bango na fara rubuta lambar sirrin kowa a ciki. Na gaya wa kaina don sauƙinsu ne. Kuma an sami sauƙin. Mutum zai kira ni daga ƙauye ya ce a yi masa odar fitilar sola, in buɗe littafi in gama masa ba sai ya zo ba. Mutane suka riƙa yabona, suna cewa na fi tsohon sauri.

A cikin masu zuwa wurina akwai Baffa Jauro. Bafulatani ne, ya yi kiwo a ƙuruciyarsa, daga baya ya zauna a unguwar Yindiski ya zama dillalin shanu a kara, kasuwar dabbobi. Ku da ba ku san aikin dillali ba kuna ganin tsayawa ce kawai tsakanin mai saye da mai sayarwa. Babban aikinsa shi ne ya tsaya wa saniya cewa ba ta sata ba ce. Baƙo ya taso daga kudu, bai san kowa ba, zai loda tirela ya yi kwana biyu a hanya, abin da ya riƙe kawai shi ne maganar dillali. Baffa Jauro ya fi shekara talatin yana wannan, kuma akwai fatake da ba sa sauka a hannun kowa sai shi. Ba ya karatun boko, amma yana son sabon abu. Ta hannuna ya sayi tocila mai haske da nisa, da injin aski na dabbobi, da rediyo mai sola. Manu yake kirana, yadda Fulani ke kiran Usman.

Wata Alhamis ya zo da hantsi, ya zauna a benci har shagon ya watse. Sannan ya matso kusa da ni ya ce kunnensa ya fara tafiya. Ya ce a kara, da kukan shanu da hayaniyar mutane, sai a yi tayi ya ji wani abu dabam, sau biyu ke nan yana sallamawa a kan abin da mai dabba bai yarda ba. Ya je asibiti a Kano an auna shi, an rubuta masa irin na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne, amma ba su da ita a lokacin. Ya ciro takardar likitan daga aljihu a naɗe cikin leda. Ya ce ba ya son kowa ya sani, domin dillalin da aka san ba ya ji, ya gama aiki. Zai riƙa rufe ta da rawani.

Na yi masa aikin yadda ya kamata. Na kwana biyu ina dubawa, na karanta abin da waɗanda suka saya suka rubuta, na zaɓi wadda ake caji ba mai ƙaramin batir ba, don kada ya rasa batirin a nan. Muka biya da katinsa. Lambar wayar da ke kan akawun ɗinsa kuwa tawa ce, layina na biyu, tun da ba ya jin masu kawo kaya idan sun kira. Aka ce kwana goma zuwa sha biyu.

Kwana huɗu bayan haka wani mutum ya shigo. Ya taɓa zuwa sau ɗaya ya sayi agogo, ya ce shi injiniya ne, suna aikin hanya a wajen gari. Yana da tsabta, yana da fara'a, yana gaisuwa kamar ya san ka tun da. Ya ce wayoyi biyu yake so manya, yayansa da ke ƙasar waje zai biya, ga lambobin katin an turo masa a waya. Katin ba ya hannunsa, hotonsa kawai. Sunan da ke jiki ma ba irin namu ba ne. Na gani, ba zan ce ban gani ba. Na gwada da akawun ɗinsa, kamfani ya ƙi karɓa. Na sake, ya ƙi. Sai ya yi dariya ya ce ai sabon akawun ne shi ya sa, ko ina da wani tsoho da suka saba da shi? Ya faɗi ladan da zai ba ni, ya fi abin da nake samu a mako.

Na jawo littafin nan. Ban yi amfani da nawa akawun ba, kuma wannan kaɗai ya ishe ku sanin cewa na san abin da nake yi. Na bi sunaye ina dubawa. Malamin Danchuwa yana karanta saƙonninsa. Telar da ke bayan masallaci 'yarta tana duba mata. Baffa Jauro ba ya karatu, saƙon ma wayata zai shigo. Na shiga akawun ɗinsa, na sa katin baƙon, oda ta wuce nan take. Wayoyin daga Kano suka taso, cikin kwana uku suka iso, injiniya ya karɓa ya yi godiya. Ban sake ganinsa ba, lambarsa ma ba ta sake shiga ba.

Ranar Litinin da safe na buɗe kwamfuta don in ga inda na'urar kunnen ta kai, sai akawun ya ƙi buɗewa. Ga saƙo daga kamfani. Sun dakatar da shi saboda dalilin tsaro. Mai katin da aka yi amfani da shi ya kai ƙara cewa bai san da cinikin ba. Duk odar da ke hanya an soke ta, ciki har da ta kunnen, wadda ta riga ta iso Kano. Idan mai akawun yana da bayani, ya turo katin shaidarsa da hotonsa da bayanin yadda aka yi.

Ina cikin karantawa Baffa Jauro ya shigo. Shagon a cike yake, akwai wasu mata biyu da suka zo karɓar kaya, da wani mai sayar da dusa a bakin kara, da 'yan cajin waya. Ya tambaye ni ko saƙonsa ya iso. Na ce a hankali an sami 'yar matsala. Bai ji ba. Na ƙara murya na ce kamfani ya rufe akawun ɗinsa. Ya ce saboda me? A nan ne ya kamata in ce masa mu fita waje. Ban ce ba. Na ga idanun mutane a kaina, ina son su san matsalar ba daga shagona take ba, sai na juya kwamfutar wajensu, na ɗaga murya yadda zai ji, na fassara masa saƙon.

“Sun ce suna zargin an yi amfani da kuɗin sata a akawun ɗinka.”

Ya dube ni, ya dubi mutanen. Ya ce, “Nawa akawun, Manu? Ni Jauro?”

Na ce haka suka rubuta. Na ƙara da cewa kamfanonin nan haka suke, da sun ga adireshin arewa sai su fara zargi, kada ya damu, zan rubuta musu. Ya gyara rawaninsa, ya yi sallama ya fita.

Kafin Laraba, ranar kasuwa, maganar ta riga shi isa kara. Ban ce mai dusar ya yi da mugunta ba, abin da ya ji ya faɗa. Amma magana ba ta tafiya yadda aka sake ta. Daga kuɗin sata ta koma an kama Jauro a intanet, daga nan ta koma wani kamfani a Legas yana nemansa, kafin la'asar wasu na cewa dama ai an daɗe ana mamakin inda yake samo shanu masu araha. Shi kuma ba ya jin abin da ake faɗa a bayansa. Abin da ya gani kawai shi ne wani falke daga kudu da ya shekara goma sha yana sauka a hannunsa ya gaishe shi daga nesa ya wuce rumfar wani.

Wannan ita ce shekarar da nake kira mummuna. Kamfanin bai tsaya kan akawun ɗaya ba. Da suka ga daga kwamfuta ɗaya ake shiga akawun da yawa, suka bi su suna rufewa. Yau na telar, gobe na malamin, jibi nawa. Telar tana jiran ƙafar keken ɗinki ana saura mako uku Sallah, ba ta samu ba, ta mayar wa mutane da yadinsu. Kowa ya zo, amsa ɗaya nake ba shi, cewa kamfani ne ya tsane mu. Mutane suka yarda, domin magana ce mai daɗin yarda. Har wani ya ce a rubuta takardar koke kowa ya sa hannu, ni kuma na buga masa ita a kwamfutar nan.

Baffa Jauro kuwa kullum sai ya zo. Ba ya maganar na'urar kunne, ba ya maganar kuɗinsa. Ranar farko ya kawo katin ɗan ƙasa da katin zaɓe. Washegari ya kawo katin ƙungiyar dillalai. Bayan nan ya je wurin mai unguwarsu ya karɓo takarda mai hatimi cewa an san shi, ba a taɓa kama shi da kayan wani ba. Ya shimfiɗa su a kan teburin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce in tura musu su gani. Nakan ɗauki hotonsu a gabansa in ce na tura. Ban tura ba ko sau ɗaya, domin abin da kamfanin ke tambaya shi ne wa ya sa katin, wa ya karɓi wayoyin, kuma amsar sunana ce. In ya tambaya me suka ce, in ce suna dubawa. Mako biyar muna haka.

Wata safiya sai ga Malam Bukar da sandarsa. Tun da ya bar aiki bai taɓa zuwa shagona ba. Ya ce a masallaci ya ji ana cewa kamfani ya rufe wa mutanen Hausari akawun, ya ji kuma abin da ake faɗa a kan Jauro, wanda ya sani tun kafin a haife ni. Ya ce shi a iya saninsa ba a rufe wa mutum haka kawai, ko da kuskure ne akwai abin da ya jawo kuskuren. Ya zauna a kujerata ya ce in buɗe masa imel ɗin Jauro, in ƙara girman rubutun. Ya kai fuskarsa dab da gilashin yana bi layi layi. Ya wuce tocila, ya wuce rediyo, ya wuce na'urar kunne. Da ya zo kan wayoyin ya tsaya.

“Jauro ne ya sayi waya biyu?”

Ya tambaye ni yadda aka yi na shiga imel ɗin mutum alhali mutumin ba ya nan. Na jawo littafin daga aljihun tebur na ajiye a gabansa. Ya buɗe, ya juya shafi uku ko huɗu, ya rufe. Na gaya masa komai, tun daga agogon injiniya. Na ce zan je gidan Baffa Jauro bayan la'asar in roƙe shi gafara. Ya ce gida kuma? Ya ce a gida aka ɓata masa suna? Ya miƙe, ya ce jibi Laraba, zai biyo mini da ƙarfe tara.

Kun san kara ranar kasuwa. Shanu, tireloli, masu fura, masu igiya, ba ka jin na kusa da kai sai ka sunkuya. Muka ratsa har rumfar dillalai, Malam Bukar yana riƙe da kafaɗata saboda idonsa. Baffa Jauro yana zaune a ƙarshen tabarma, sandarsa a kan cinya, babu dabba ko ɗaya a gabansa. Akwai dattawa kamar goma a rumfar, da shugabansu. Na cire takalmi na durƙusa a gabansa, na ce Baffa, ni ne na shiga akawun ɗinka na sa katin wani, ba ka san komai ba.

Ya kara hannu a kunne ya ce, “Me ka ce?”

Na sake faɗa da ƙarfi. Dattawan da ke kusa suka juyo. Ya girgiza kai, ya ce hayaniya ta yi yawa, in tashi tsaye in faɗa. Na tashi. Na faɗa da iyakar muryata, yadda masu tallar magani ke yi, cewa ni Usman mai odar kaya a Hausari ni ne na yi amfani da sunan Jauro na sayi wayoyi da katin sata don a ba ni lada, ni ne kuma na yi masa ƙarya mako biyar, shi bai san hawa ba bai san sauka ba. Mutanen rumfuna biyu na gaba suka taso. Har mai dusar nan na hango a tsaye.

Da na gama, Baffa Jauro ya ce in zauna. Ya yi magana a hankali, ni da Malam Bukar kaɗai muka ji.

“Tun karon farko na ji ka, Manu. Bakinka nake kallo. Su nake so su ji.”

Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba. Shugaban dillalai ya tambaye shi ko a kira hukuma, Baffa ya ce a'a, yana da aikin da zan yi masa tukuna. Ya ce gobe in zo gidansa da kwamfutar, in rubuta wa kamfanin gaskiya, Malam Bukar yana zaune yana ji.

Haka aka yi. A zaurensa na rubuta, na sa sunana da lambata da hoton katin shaidata, na bayyana ranar da mutumin ya zo da yadda na yi. Na karanta da Hausa, Malam Bukar ya sa na cire inda na ce an yaudare ni. Na ɗauki hoton Baffa Jauro riƙe da katinsa kusa da fuskarsa yadda suka buƙata. Sau uku muna sakewa, domin sun ce sai kunnuwa sun fito, dole ya cire rawani. Daga nan na bi sauran mutanen gida gida, na gaya wa kowa dalilin rufe masa akawun, na yage shafinsa daga littafin na ba shi. Telar ba ta karɓa da hannunta ba, ta ce in ajiye a ƙasa. Na kuma kai rahoton injiniyan inda ya kamata, na amsa tambayoyin da aka yi mini, na yi zirga-zirgar da ta biyo baya. Ba a same shi ba.

Kamfanin bai yi gaggawa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Suka yi ta tambaya muna amsawa. Sannu a hankali suka buɗe na mutane, wani bayan wata guda, wani bayan biyu. Nawa ba su buɗe ba har yau, sun rubuto cewa sun rufe shi ke nan. Shagon nan ya yi kusan shekara ba mai shigowa sai masu cajin waya da buga takarda. Waɗanda suka dawo daga baya sun dawo ne a kan sharaɗin da kuke gani yanzu, mutum ya zo da wayarsa, ya danna lambar sirrinsa da hannunsa ina kallon bango, ni nawa nema da awo da bin sawu. In za ku zauna a wurina, haka za ku yi, ko da mai kayan ya roƙe ku ku riƙe masa.

Na Baffa Jauro shi ne na ƙarshe da aka buɗe, tun da a kansa abin ya faru. Kafin nan 'yarsa da ke aure a Kano ta samo masa na'urar a can, yana sa ta, kuma bai damu da rufe ta da rawani ba. Mutanen kara sun koma ba shi dabbobinsu. Falken nan na kudu dai bai dawo hannunsa ba, ya riga ya saba da wani.

Ranar da saƙon ya zo na ɗauki kwamfuta na tafi Yindiski. Na same shi a ƙofar gida yana ba tumaki harawa. Na karanta masa, ban ɗaga murya ba. Sun ce sun gama bincike, sun tabbatar ba shi da hannu, suna ba shi haƙuri, akawun ɗinsa a buɗe yake. Ya sa na sake karanta wurin da suka ce ba shi da hannu. Ya ce in buga masa shi a takarda, kwafi biyu, ɗaya zai kai wa mai unguwa. Sannan ya tambaye ni ko mutum yana iya rufe akawun ɗinsa da kansa, ba sai an rufe masa ba. Na ce yana iyawa.

“To nuna mini wurin.”

Na nemo wurin na juya masa kwamfutar. Ya goge hannunsa a jikin riga, ya sa yatsa ya danna. Kamfanin ya tambaya ko ya tabbata, na fassara masa, ya sake dannawa. Ya ce in gaida Malam Bukar, ya koma wurin tumakinsa.